Baƙon yini ɗaya: Abin da Tambuwal da Kebbe za su koya daga Dutsen Jibraltar

Duk motar da ta taso daga Kwantagora ko Yawuri za ta Sakkwato, sai ta bi ta Jega, ta wuce Aliero, ta ratsa Tambuwal da Shagari da Bodinga kafin ta isa birni. A cikin fasinjojin akwai 'yan kasuwa, akwai ɗalibai, akwai kuma waɗanda suka ɗauro niyyar ziyarar Hubbaren Shehu, su yi addu'a su juya. Galibinsu abin da suka sani game da Tambuwal bai wuce wurin da direba ke rage gudu ba. Kebbe kuwa, da yake ba ta bakin babban titin, sai dai su ji sunanta a rediyo lokacin zaɓe, ko idan wani abin baƙin ciki ya faru.

Wannan asara ce, kuma asarar da ba a lissafa ta a kasafin kuɗin kowa. Duk lokacin da gwamnatocinmu suka tashi maganar yawon buɗe ido, hankalinsu na tafiya ne kan Bature mai kyamara da katafaren otal da bikin da za a gayyato jakadu. Baƙon da ke hannu, wanda zai iya tsayawa awa biyu ko uku ya ci abinci, ya ga wani abu, ya sayi tsaraba, ba a ko sa shi cikin lissafi. Alhali akwai wuraren da wannan baƙo na yini ɗaya yake cikin ginshiƙan arzikinsu.

Misali mafi bayyana shi ne Jibraltar, wani ɗan yanki na dutse da ke ƙarshen kudancin ƙasar Sifaniya, a bakin mashigin ruwan da ya raba Turai da Afirka. Faɗinsa duka bai kai murabba'in kilomita 7 ba, mutanensa ba su kai 40,000 ba, kuma Birtaniya ke riƙe da shi tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713, duk da cewa Sifaniya ba ta taɓa daina neman a mayar mata da shi ba. Sunan ma namu ne a wani ɓangare: Jabal Ɗariƙ ne aka lanƙwasa, wato dutsen Ɗariƙ bin Ziyad, kwamandan da ya tsallaka da rundunar Musulmi daga Arewacin Afirka zuwa Andalus a shekarar 711. A can ƙarshen dutsen, inda ake hango tsaunukan Maroko idan gari ya yi wasai, akwai masallacin Ibrahim al-Ibrahim da Sarki Fahad na Saudiyya ya gina, aka buɗe a 1997.

A shekarun da suka gabaci annobar korona, alƙaluman hukumomin yankin kan nuna shigowar baƙi sama da miliyan 10 a shekara, mafi yawansu ta iyakar ƙasa da ke tsakaninsa da garin La Linea na Sifaniya. Kaɗan ne daga cikinsu ke kwana. Suna zuwa da safe a bas daga garuruwan shaƙatawa na gaɓar tekun Sifaniya, ko su sauko daga manyan jiragen ruwa na yawo, su hau dutsen mai tsayin mita 426, su shiga kogon Saint Michael da ramukan da sojoji suka haƙa a cikin dutsen, su ɗauki hoto da birai, su zagaya babban titin kasuwa, kafin magariba sun watse.

Idan aka cire teku, babu wani abin da Jibraltar ke nuna wa baƙo wanda ya fi ƙarfin tunaninmu. Dutse ne da kogo da tarihin yaƙe-yaƙe da birai 'yan ɗari biyu zuwa uku. Dabarar tana wajen tsari. An san baƙon ba shi da lokaci, don haka an jera masa komai a hanya ɗaya: ga inda zai sauka, ga motar da za ta hau da shi, ga kuɗin shiga gandun da ke saman dutsen, ga allo mai bayani a kowane wuri, ga bayan gida, ga inda zai ci abinci. Hatta biran an yi musu doka, wanda aka kama yana ba su abinci tara zai biya, don kada su saba da ƙwace a hannun mutane.

To mu me muke da shi a kan wannan titi?

Tambuwal gari ne na ribaɗi, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsare wannan gefe na daula. Gaba kaɗan ga Shagari, inda aka binne shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko da aka zaɓa a Najeriya, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya rasu ranar 28 ga Disamban 2018. Idan aka ɗan ratse ga Yabo ta Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara mara wa jihadi baya, wanda har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo. Ga Bodinga da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. Ga Sifawa, inda Shehu ya yi shekaru yana karantarwa da rubuce-rubuce kafin ya koma Sakkwato a 1815. A kudu da birnin ga kufan Satiru, garin da mutanensa suka yi wa Turawa bore a Fabrairun 1906, aka kuma shafe shi daga doron ƙasa a watan da ya biyo baya. A yamma, cikin jihar Kebbi, ga Gwandu da hubbaren Abdullahi, garin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan a 1853.

Duk waɗannan suna cikin tazarar da mota za ta zagaya tsakanin hantsi da la'asar. Amma matafiyi zai iya bin titin nan sau ashirin ba tare da wani abu ya tsayar da idonsa ya ce masa ga abin da ya faru a nan ba. Allunan da suka fi yawa a hanyoyinmu na 'yan takara ne, wasu ma na zaɓen da ya wuce.

Za a ce ai muna da Argungu. Gaskiya ne, kuma babu mai raina ta. Bikin kamun kifin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zaman gaba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, shekarar da ta sa kogunan Gorham na Jibraltar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Sai dai bambancin a fili yake. Dutsen Jibraltar yana karɓar baƙi kowace ranar Allah, shi kuwa bikin Argungu 'yan kwanaki ne, kuma an taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a Maris na 2020. Mai sayar da abinci ko mai ɗinkin fata ba zai gina sana'a a kan kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara ba, balle wadda ba a da tabbacin za ta ci. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana nan duk shekara, kuma shi ne irin wurin da baƙon yini ɗaya ke buƙata, amma ba shi ake yi wa talla ba.

Haka Surame, tsohon birnin Kanta na ƙarni na 16 mai ganuwar duwatsu. An ayyana shi a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, an kuma miƙa sunansa cikin jerin masu jiran shiga rajistar UNESCO a 2007. Har yanzu yana jira. Wurare biyu kacal Najeriya ke da su a wannan rajista, Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun na Osogbo tun 2005. Kusan shekara ashirin kenan takarda na kwance, kuma da wuya ka samu ɗalibin sakandare a Tambuwal da aka taɓa kai shi ya ga wannan ganuwa.

Nan ne ya kamata a fara, domin baƙon farko ɗan gida ne. Makarantun sakandare da na Islamiyya da manyan makarantu a Sakkwato, Birnin Kebbi, Aliero da Gusau suna da dubban ɗalibai da ke haddace sunayen Tafkin Kwato da Alwasa da Alƙalawa don jarrabawa, ba su taɓa taka ko ɗaya ba. Idan ma'aikatar ilimi ta sa ziyarar yini ɗaya cikin tsarin kowane zangon karatu, an samu baƙi na dindindin ba tare da an buga talla ko ɗaya a gidan talabijin na waje ba. Bayan ɗalibai akwai masu ziyarar Hubbare, waɗanda ke zuwa daga sassan Arewa da Jamhuriyar Nijar, kuma mata suna da yawa a cikinsu, al'adar da ke da alaƙa da 'Yan Taru na Nana Asma'u. Waɗannan sun riga sun biya kuɗin mota, sun riga sun fito. Abin da ya rage a ba su dalilin tsayawa a hanya.

A ƙaddara bas mai ɗaukar mutum 18 ta tsaya a Tambuwal, kowa ya kashe Naira 2,000 a kan abinci da ruwa da ɗan tsaraba. Naira 36,000 kenan ta sauka a garin cikin awa ɗaya. Idan bas goma suka yi haka a yini, an doshi 360,000. Lissafin misali ne, amma yana nuna inda kuɗin ke shiga: hannun mai tuwo, mai fura, mai tsire, mai albasa, mai faci da yaron da ya nuna hanya. Kuɗin katafaren otal kuwa a aljihun mutum ɗaya yake ƙarewa, sau da yawa ma ba ɗan garin ba.

Ba za mu ɓoye cewa baƙon yini ɗaya yana da nasa naƙasu ba. A Jibraltar ma ana kuka da shi. Yana kwana a Sifaniya, don haka kuɗin masauki da na abincin dare can suke zama. Yana cika titi da cunkoso na 'yan awanni, ya bar shara ya tafi. Wani ɓangare na cinikin da yake kawowa na taba ne da giya da turare masu sauƙin haraji, wanda ya jawo wa yankin zargin fasa-ƙwaurin taba shekara da shekaru. Wannan ɓangare ba namu ba ne, ba ma nemansa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma wanda ya dogara da raɓa kaɗai bai shirya noma ba. Jibraltar kanta ba da baƙi kaɗai take rayuwa ba, tana da harkar bankuna da inshora da sayar wa jiragen ruwa mai. Noma da kiwo da su za su ci gaba da zama ƙashin bayan Kebbe da Tambuwal. Abin da baƙo zai ƙara shi ne kasuwa a ƙofar gida ga abin da ake nomawa da ƙerawa.

Akwai kuma darasi a garin La Linea da ke maƙwabtaka da dutsen, wanda ya daɗe cikin garuruwan da suka fi fama da rashin aikin yi a Sifaniya. Miliyoyin baƙi na ratsa shi, ba sa tsayawa. Abin da yake samu shi ne albashin ma'aikata, domin kimanin mutum 15,000 ke tsallaka iyakar kullum su yi aiki a Jibraltar. Lokacin da Janar Franco ya rufe iyakar a 1969, wadda ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai 1985, mutanen La Linea na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Shi ya sa bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai aka shafe shekaru ana ja-in-ja kan wannan 'yar iyaka, har aka cimma matsayar siyasa a Yunin 2025 cewa a sauƙaƙa shige da fice.

Kebbe na iya samun kanta a irin wannan matsayi, kusa da hanya amma ba a kanta ba. Ba ma ganin hikima a ce za a karkato da bas ɗin masu ziyara zuwa can gobe. Abin da ya fi kusa shi ne kayan Kebbe su fito bakin titi: shinkafa da kifi na fadamun Gulbin Zamfara, kayan saƙa, fatar jan akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko saboda ta can ayari ke kai ta. Mazaɓar tarayya ɗaya ce ta haɗa Kebbe da Tambuwal, don haka ba abin kunya ba ne ƙananan hukumomin biyu su haɗa hannu su gina zango ɗaya a bakin babban titin, a ware wa 'yan Kebbe rumfuna.

Zango muke nufi, irin wanda fatake suka sani, sai dai na zamani: inuwa, ruwan sha, masallaci, bayan gida mai tsafta na maza daban na mata daban, wurin ajiye mota, da ɗan ɗaki mai hotuna da taswira da bayanin tarihin garin da Hausa da ajami da Turanci. Maganar bayan gida kada a ɗauke ta ƙarama. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da mahaifiyarsa ko matarsa a hanyoyinmu ya san ita ce ke yanke inda za a tsaya da inda za a wuce. Kuma wannan aiki ba sai an jira Abuja ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da bayan gida na jama'a. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko hukuncin ya fara aiki yadda ya kamata ko bai fara ba, hujjar cewa wannan ba hurumin shugaban ƙaramar hukuma ba ne ta faɗi.

Sai masu bayani. Muna da matasa da suka karanta tarihi da Larabci da Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna zaune a majalisa suna danna waya. Muna da dattawa a fadar kowane hakimi da suka san jerin sarakuna da wuraren da aka gwabza, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato na iya haɗa waɗannan biyun, ta horar da matasan, ta ba su katin shaida, a tsayar da kuɗin da baƙo zai biya don kada abin ya koma roƙo. Wayar da ke hannun nasu ma kayan aiki ce. Bidiyon minti biyu a TikTok ko Facebook a kan ganuwar wani gari yana kai wa inda ƙasidar ma'aikata ba za ta taɓa kai wa ba.

Wasu za su ɗaga gira saboda yawancin wuraren da muka lissafa hubbare ne. Ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a abu ne sananne a addini. Inda malamai suka saɓa shi ne abin da wasu ke yi idan sun je. Wannan dalili ne na a sa malamai da masarautu cikin tsarin tun farko, su faɗi ladabin wurin a rubuta a ƙofa. Barin wurin ba tsari bai taɓa hana kowa zuwa ba, sai dai ya bar shi a hannun duk wanda ya riga zama a bakin ƙofa.

Babbar magana ita ce tsaro, kuma ba za mu yi mata kwaskwarima ba. Babu uban da zai sa hannu a kai ɗansa Gudu ko Alƙalawa a halin da ake ciki. Gabashin jihar na fama da 'yan bindiga, arewa maso yamma da Lakurawa, waɗanda rundunar tsaro ta tabbatar da ɓullarsu a Nuwamban 2024, ƙauyukan Kebbe su ma sun sha hare-hare da satar mutane da dabbobi. A daren 25 ga Disamban 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar, tarkacen makami ya faɗo a Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal. Cikin kwana biyu sunan Jabo ya zagaya duniya, 'yan jarida suka yi ta zuwa suna ɗaukar hoton gona su juya. Irin baƙin yini ɗaya da yankin ya samu kenan, kuma wanda ya binciki sunan garin a intanet yau wannan labari zai fara gani, ba tarihin masarautarsa ba.

Duk da haka, jiran sai tsaro ya kammala kafin a ɗaga tsinke wata hanya ce ta ƙin yin komai. Titin Jega zuwa Sakkwato a buɗe yake, motoci na bi dare da rana. A fara da abin da ke bakinsa, da rana, a tafi a dawo kafin duhu, wanda dama shi ne yanayin ziyarar yini ɗaya. Wuraren da ke cikin daji a bar su sai hali ya yi, amma a tura masu ɗaukar hoto da masu auna ƙasa su adana abin da ya rage, domin ruwan sama da masu ɗibar dutse ba sa jiran kowa.

Lokaci ma ba ya gefenmu. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabon babban titi daga Illela zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, a 2024. Duk inda sabon titi ya buɗe, yakan janye motoci daga tsohon, garuruwan da ba su da abin da zai sa a ratse musu sai su koma kufan tasha. Idan Tambuwal ba ta zama wurin da direbobi da fasinjoji suka saba tsayawa ba kafin a gama wannan aiki, zai yi wuya ta zama bayansa.

Don haka kiranmu ga gwamnatin Ahmed Aliyu da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da masu wakiltar yankin a majalisu, ciki har da Sanata Aminu Waziri Tambuwal da ya yi shekara takwas yana gwamna kuma garinsa ne ake magana, shi ne a sa zangon nan da allunan bayani daga Tambuwal zuwa Sifawa a kasafin kuɗi mai zuwa, da sunansu da adadin kuɗinsu a fili yadda kowa zai iya bibiya. A kuma tura wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa takarda a tambaye ta inda fayil ɗin Surame ya kwana tun 2007.